Yadda ake zaɓen fistin ga tsohon inji ba tare da an ɓata matsinsa ba

Idan mota ta fara shan baƙin mai, tana shuɗin hayaƙi, ga kasawa a hawa, aikin inji ya zo. Kuskuren da ya fi yawa a garejojinmu na Bauchi shi ne a ɗauki tsohon fistin a kai shago a ce a ba da irinsa. Ido ba ya ganin rabin milimita, kuma rabin milimitar nan ta isa ta kashe inji.

Fara da awo. Wanke bulok, ka auna kowane ramin silinda a sama, tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu. Sama ne ya fi cinyewa, inda ringi ke juyowa. Goge kan tsohon fistin ka karanta: STD na nufin ba a taɓa faɗaɗa ramin ba, 0.25 ko 0.50 kuwa an riga an yi borin. In ramin ya ci, sai a hau mataki na gaba. Sayi fistin tukuna, sannan ka kai shi tare da bulok wurin mai borin, don ya yanke ramin daidai da shi, ya bar ratar da kamfani ya rubuta.

Faɗi kaɗai bai isa ba. Injin 4A-FE na Corolla da 1.8 na Golf duk raminsu milimita 81 ne, amma fistin ɗinsu ba ɗaya ba ne. Zura fil ɗaya, wato ɗan ƙarfen da ke ratsa fistin ya riƙe shi, cikin tsohon fistin da sabon, ka jera su, ka ga ko kawunansu sun zo daidai. Duba kuma siffar kan: shafaffe ne, mai kwarmi ne, ko mai tudu?

Peugeot 504 hanyarta daban. Silif ɗinta, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a ciki, cirewa ake yi, don haka ba a borin. Ana sayen silif, fistin da ringi a haɗe.

Siffar kan fistin ce ke kai mu ga matsi, wato yadda fistin ke danne mai da iska a silinda, kuma nan ne ya kamata a natsu. Ma'aunin matsi shi ne: haɗa cikin silinda da sararin da ya rage a sama idan fistin ya kai ƙarshe, ka raba da wannan sararin. Injin 504 mai cc 1971 yana da kusan cc 493 a kowace silinda. In sararin sama cc 63 ne, matsi ya kama 8.8. To a ce an aske top, wato murfin da ke kan silinda, da rabin milimita saboda ya taɓa lanƙwashewa. Kusan cc 3 sun tafi, matsi ya hau 9.2. Ƙara masa fistin mai tudu da siririn gasket, ka ga inda aka dosa.

Kada ka yi kirdadon sararin saman. Kifa top da bawul da fulogi a jiki, rufe ramin da gilashi mai ƙaramar huda, ka liƙe gefen da giris, ka ɗura kananzir da sirinji kana ƙirgawa. Haka za a yi wa kwarmin fistin, a haɗa da sararin da kaurin gasket ke ƙarawa.

Shawararmu ita ce a tsaya a matsin kamfani, ko ƙasa da shi kaɗan. Tsohon inji mai kafireto ba shi da na'urar da ke jin ƙwanƙwasa ta ja taimin baya. Ga zafin Maris da Afrilu, ga man 'yan bumburutu da ba a san asalinsa ba, ga lodi a hawan hanyar Jos. Matsi in ya yi yawa, mai yana fashewa da kansa, ka ji ƙara kamar ana kaɗa ƙusoshi a gwangwani. Ƙarar nan ce ke karya ringi, ta huda kan fistin, ta ƙona gasket. In an riga an aske top da yawa, nemi gasket mai kauri ko wani top.

Kafin ɗauri, tura kowane ringi cikin raminsa da kan fistin, ka auna ratar bakinsa da fila geji, wato siraran ƙarafan auna rata. A rami mai milimita 81 zuwa 88, na sama yakan so kusan 0.30 zuwa 0.40. In ya matse, zafi zai haɗe bakin ya karce silinda. Karkasa bakunan kada su yi layi ɗaya, kibiyar kan fistin ta bi yadda littafin injin ya nuna, sannan ka juya kirankishaf da hannu sau biyu kafin a kai ga makulli.