Ga masu fama da ƙugin kunne bayan shanyewar ɓarin jiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Makka da Jidda. Wasu bayan shanyewar ɓarin jiki kunnensu ya kan dinga ƙugi ko fito dare da rana, har ƙarar kwano ko hayaniyar yara ta zame musu azaba. Ba raki ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ta daina tace sauti yadda ta saba.

Abin da na fi roƙonku shi ne kada ku toshe kunne yini guda. Yawan toshewa na ƙara wa kunne rashin jure ƙara, kuma a cikin tsit ne ƙugin ke fitowa sosai. A ajiye abin toshewa don gidan biki ko cunkoson titi. Da dare a bar fanka ko mukayyaf (na'urar sanyaya ɗaki) na aiki a hankali, ko karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa, yadda ba zai rufe ƙugin gaba ɗaya ba.

Masu zuwa Harami, ku nisanci gindin lasifika, ku zaɓi lokacin da jama'a suka ragu. A gida kuma a riƙa magana ɗaya bayan ɗaya, a kashe talabijin in ana hira.

Kada kowa ya daina asfirin ko maganin hawan jini da kansa don zargin shi ke kawo ƙugin, sai da izinin likita. A nemi gwajin ji wurin likitan kunne, don in ji ya ragu na'urar ji kan taimaka. Mai tambaya kuma ya kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya.

In ƙugin na bugawa tare da zuciya, a ga likita da wuri. In ya zo kwatsam da jiri, karkacewar baki ko sarƙewar harshe, a kira motar asibiti a 997 nan take.