Cikar kwando ba ita ce yawan kifi ba

Duk shekara ana turo mini sababbin yara su koyi ƙididdigar kifi a tafkunan jihar Damagaram, kuma kuskurensu ɗaya ne: su ga kwanduna cike a bakin tafkin Gidimuni, su rubuta wai kifi ya ƙaru. Wa ya gaya muku? Ragar kalli nawa aka zuba, dare nawa ya kwana a ruwa? Ni kilon da kalli ɗaya ya kamo a dare ɗaya nake rubutawa.

To, ko wannan ɗin ya taɓa ba ni kunya. Wata bazara lissafina ya nuna kamun kowane kalli ya hau, na tashi gaban masunta na ce babu dalilin hutar da tafki. Wani dattijo na gefe yana ɗinkin birginsa, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Yaro, ruwa ne ya tsuke." Na yi kunnen uwar shegu. Ashe ruwa ya janye, karfasa da tarwaɗa sun cunkushe a gurbi ɗaya, ko ƙaramin yaro ya zura koma sai ta cika. Haka muka kwashe iyayen da za su yi ƙwai da damina. Da kaka ta zo aka yi ta jan kalli wayam, ni kuwa na daina bi ta garin.

Ba mu kaɗai ba ne. A Kanada manyan jirage sun yi ta bin wani kifin teku mai suna kod inda ya taru, kamu na kyau, kifi na ƙarewa, har gwamnati ta hana kamun a 1992, dubban mutane suka rasa sana'a. Ni dai tun ranar da na sha waccan kunya na kafa sanda mai zane a ruwa. Ba na rubuta kamu sai da zurfi, kuma Afrilun bana da Afrilun bara nake gwadawa, ba da Nuwamba ba.

Ku riƙa duba kallin kansa. Wanda ya koma mai ƙananan idanu zai fi kamu, amma ƴaƴan kifi yake kwasa.

Ranar da masunci ya dawo hannu rabbana, rubuta sifiri, kar ka tsallake. Kifin miyar gida ma kamu ne. Bandar kasuwar Dole ta birnin Damagaram kuwa, kafin ka ƙirga, tambayi mai ita daga wane ruwa ta fito.