Kafin ku tura saƙo gaba

'Yan uwa, masu binciken halayyar ɗan Adam sun gano cewa idan mutum ya ji magana sau biyu ko uku, yakan fi amincewa da ita, ko da ƙarya ce. A 2015 Lisa Fazio da abokan aikinta a Amurka sun nuna cewa maimaici yana rinjayar mutum hatta a kan abin da ya riga ya sani. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin labari ɗaya nakan ji shi a majalisa a Tudun Wada bayan la'asar, in sake jin sa wajen mai shayi a Samaru, da daddare kuma ya shigo wayata ta WhatsApp. Ba mu manta 2014 ba, lokacin da aka tashi mutane da asuba su yi wanka da ruwan gishiri saboda Ebola.

Binciken Gordon Pennycook da David Rand na 2021 ya nuna cewa tunatar da mutane batun sahihancin labari yana rage yaɗa labaran ƙarya. Don haka kafin ku tura, ku dakata ku tambayi kanku wane ne ya fara faɗin maganar, kuma ko kun tabbatar da ita ne ko dai kunnenku ne ya saba da ita.