Darasin falsafa da addini a shekarar farko: shawara ga sabon ɗalibi a Amurka

Ko injiniyanci ka zo karantawa ko aikin jinya, yawancin jami'o'in Amurka sai sun haɗa ka da kwasa-kwasan gama-gari, kuma a cikinsu za ka ci karo da gabatarwar falsafa, ilimin ɗa'a, da addinan duniya, masu lamba irin 101. Galibi kowanne kiredit 3 ne (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas). Mai bizar karatu ta F-1 kuwa dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 a samista, don haka ko kwas ya ba ka tsoro, kada ka ajiye shi sai ka tuntuɓi ofishin ɗaliban ƙasashen waje.

Tsoron nan na san shi. Ranar da malamarmu ta rubuta a allo wata tambaya da ta samo asali daga Aflaton, masanin falsafar Girka na dā, wato shin abu na zama mai kyau ne don Allah ya yi umarni da shi, ko kuwa ya yi umarnin ne don abin mai kyau ne, gabana ya faɗi. A makalata ta farko na cika shafi uku da abin da na yi imani da shi, aka dawo mini da ita da maki kaɗan. Raina a ɓace na sami malamar a lokacin ganin ɗalibai. Ta ja kujera ta ce ba imanina take aunawa ba, hujja take nema: in kawo dalilin abokin jayayya yadda shi kansa zai yarda ban tauye shi ba, sannan in nuna inda ya karye. Ashe aikin ke nan gaba ɗaya. Babu wanda ya taɓa cewa in bar addinina, amma an sha tambayata, "Mene ne dalilinka?"

A ajin ɗa'a za a kawo muku misalin taragon da ya ƙwace, wanda masaniyar falsafa Philippa Foot ta gabatar a 1967: a bar shi ya kashe mutum biyar, ko a karkatar da shi ya kashe ɗaya? Mai bin Mill, masanin falsafa ɗan Ingila, zai auna sakamako. Mai bin Kant, masanin falsafa Bajamushe wanda ya fitar da littafinsa kan tushen ɗa'a a 1785, zai ce ba a mayar da ɗan Adam kayan aiki kawai. Yi magana a ajin, domin sau da yawa akwai maki a kan hakan.

Ajin addinai ya fi taɓa zuciya, saboda za ka ji ana bayanin naka addinin daga waje, kamar yadda ake bayanin Hindu ko Buda. Wannan ba wa'azi ba ne. Tun 1963 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana karatun Baibul na ibada a makarantun gwamnati, amma ta ce nazarin addini a matsayin ilimi ya halatta. In aka faɗi kuskure, ɗaga hannu ka gyara cikin ladabi, da madogara. Wasu jami'o'in coci kuwa, irin Notre Dame, suna wajabta darasin tauhidin Kirista, sai ka duba manhaja tun kafin rajista.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne gane cewa muhawarar ba baƙuwa ba ce. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masu falsafa raddi bayan ya ƙware a iliminsu, Ibn Rushdi kuma ya mayar masa da martani daga Andalus. Na nemi izinin yin makalar ƙarshe a kansu, malamar ta amince nan take. Kafin in miƙa, na kai ta cibiyar taimakon rubutu ta jami'a, wadda kyauta ce, suka nuna mini wurare biyu da na ɗauko magana ban ambaci mai ita ba. A nan ana ɗaukar hakan satar rubutu, kuma tana iya kayar da mutum a kwas ɗin baki ɗaya.