Yadda zaka zaɓi kyamarar bidiyon VR mai 3D kafin ka zuba kuɗinka

Mutane da yawa in suka ji an ce kyamarar VR sai hankalinsu ya tafi kan 'yar kyamarar nan da ake ɗaurawa a kan sanda tana ɗaukar zagaye 360, irin su Insta360 X3 da X4 da GoPro Max, kuma masu saidawa ma haka suke tallarta. Toh eh ana iya kallon bidiyonta a gilashin VR, wato na'urar da ake sakawa a fuska ka ga kamar kana cikin wurin da aka ɗauka, sai dai idonka na hagu da na dama hoto ɗaya suke gani, babu zurfi a ciki, duk inda ka juya hoto ne shimfiɗe a kewaye da kai. Wacce nake magana a kai daban ce, ita ce mai ba kowane ido nasa hoton, yadda in ka saka gilashin zaka ga mai buga kalangu yana tsaye a gabanka har ka ji kamar ka miƙa hannu ka yi masa liƙi. Ga yadda zaka bi ka zaɓa, mataki-mataki.

Mataki na farko, ka fara sanin a ina za a kalli bidiyon. Wannan shi ne tambayar da ya kamata ta rigayi maganar kyamara gaba ɗaya, domin 3D ɗin nan baya fitowa a fuskar waya ko talabijin ɗin gida, in ka ɗora a YouTube wanda ya buɗe a wayarsa hoto zai gani na yau da kullum wanda zai iya ɗan jujjuyawa da yatsa, shi ke nan. Sai an saka gilashi a fuska. Meta Quest 3 ya fito a 2023 kan dala 499, Quest 3S ya biyo baya a 2024 kan dala 299, shi kuma Apple Vision Pro da ya fito a Fabrairun 2024 dala 3,499 ne. In baka da ko ɗaya, kuma wanda zaka yi wa aikin ma bashi da shi, gaskiya ka fara sayen gilashin tukun, ka zauna ka kalli aikin wasu a manhajar YouTube VR ko DeoVR, wasunsu suna rubuta sunan kyamarar da suka ɗauka da ita a ƙasan bidiyon, idonka ne zai gaya maka wacce zaka iya haƙuri da ita, ba takardar talla ba.

Mataki na biyu, digiri 180 (rabin zagaye) ko 360 (zagaye gaba ɗaya)? Anan ni bana ɓoye ra'ayina, ga mai farawa 180 ce. Bidiyon 360 mai 3D na gaske yana buƙatar lens shida ko takwas a kewaye, kamar Insta360 Pro 2 mai lens shida wacce farashinta ya kai wajen dala 5,000, sannan sai kwamfuta ta zauna ta ɗinke hotunan wuri guda, kuma duk wanda ya ratsa ta wurin ɗinkin kusa da kyamara sai ka ga fuskarsa ta rabe ko hannunsa ya ɓace. Ga kuma matsalar kai mai ɗauka ina zaka ɓuya, da fitilarka da jakarka da yaran unguwa da suka taru kallo, duk suna ciki. Ita VR180 da Google ta gabatar a 2017 lens biyu ne kawai suna kallon gaba, rabin duniya take ɗauka, kai kana baya abinka, ba ɗinki, kuma piksel ɗinta, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, duk sun taru a inda mai kallo yake kallo maimakon a raba rabi a kai bayan ƙeyarsa inda da wuya ya waiga.

Mataki na uku, duba tazarar da ke tsakanin lens ɗin biyu. Tsakanin idanun babban mutum a matsakaici milimita 63 zuwa 65 ne, kyamara mai kyau tana ƙoƙarin kwaikwayon wannan, lens ɗin Canon na 5.2mm misali milimita 60 ne tsakaninsu. In tazarar ta yi faɗi da yawa mutane zasu fito ƙanana kamar 'yan tsana, in ta yi ƙunci zurfin zai ragu. Shi yasa bidiyon da iPhone 15 Pro take ɗauka tun sabuntawar iOS 17.2 a Disambar 2023, wanda Apple ke kira spatial, yake da kyau ga abu na kusa amma ba VR180 ba ne, lens ɗin wayar sun matsu da juna sosai, 1080p ne kan hoto 30 a sakan, kuma a cikin wata 'yar taga kake kallonsa ba ya kewaye ka ba. Haka ma QooCam EGO ta kamfanin Kandao da ta fito a 2022, 3D ce ta gaske mai daɗin sha'ani amma bata buɗe zuwa digiri 180. In abin da kake so ke nan, na ajiye tarihin yara da iyali, babu laifi ko kaɗan, amma ka san abin da ka saya.

Mataki na huɗu shi ne inda aka fi yaudarar mutane, wato lambar K. Zaka ga an rubuta 4K a kwali ka ce ai 4K ya isa tunda talabijin ɗin falo ma 4K ce kuma tar take. Toh zauna mu yi lissafi. A VR180 faɗin hoton biyu ake rabawa, rabi na hagu rabi na dama, sannan kowane rabi a baza shi a kan digiri 180. 4K piksel 3840 ne a faɗi, kowane ido ya samu 1920, ka raba da 180 zaka samu ƙasa da piksel 11 a kowane digiri. 5.7K piksel 5760 ne, ido ɗaya 2880, ya ba ka 16 a digiri. 8K kuma 8192, ido ɗaya 4096, wajen 22 zuwa 23 ke nan. Shi kuwa Quest 3 allonsa 2064 da 2208 ne ga kowane ido, kuma yana iya nuna kusan piksel 25 a digiri, ka ga ko 8K ɗin da kyar take cika masa ciki. A aikace abin da wannan yake nufi shi ne da 4K fuskar mutumin da ke nesa da kai da mita biyar dishi-dishi zaka ganta, da 5.7K zaka gane shi sarai amma aikin zaren da ke wuyan babbar rigarsa zai cakuɗe, da 8K ne zaka fara ganin zaren. Don haka 5.7K ita ce mafi ƙanƙantar da zan ba mutum shawara.

Sai kuma yawan hoto a sakan. 30 tana yi in mutane zaune suke, wa'azi ko hira ko ɗaurin aure, amma abu mai gudu kamar dawakan hawan Daushe ko dambe ko ƙwallo, 30 tana yankewa a ido kuma cikin gilashi wannan yankewar tana sa wasu jiri, 60 ake so. Matsalar ƙananan kyamarori ita ce basa ba ka duka biyun lokaci ɗaya, Insta360 EVO 5.7K tana tsayawa a 30, in kana son 50 sai ka sauko 4K, Vuze XR ma haka, 60 ɗinta a 4K take. Ka karanta wannan layin da kyau a bayanin kowace kyamara, kar ka tsaya a babbar lambar da ke gaban kwali.

Mataki na biyar, jera su gida-gida ka ga wanne aljihunka zai ɗauka. Gidan farko tsofaffin ƙananan nan ne, Lenovo Mirage Camera ta 2018 mai 4K, Vuze XR ta 2018 da Insta360 EVO ta 2019, waɗannan biyun na ƙarshe ana ninke su su zama 360 a buɗe su su zama 180 mai 3D. Duk an daina ƙera su, sai dai na hannu a eBay da makamantansu. Sensa ɗinsu, wato ɓangaren da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, ƙarama ce, da rana a waje suna ƙoƙari, amma ka shiga da su holin biki da daddare hoton sai ya cika da ƙura-ƙura, kuma ƙurar da idon hagu yake gani daban da ta dama, wannan yana gajiyar da ido fiye da yadda zaka zata. Don koyo EVO ko Vuze XR sun isa, Mirage kam ni bazan ce ka saya ba yanzu. Gida na biyu su ne masu 6K da aka ƙera don VR180 kaɗai, kamar Calf da ta fito a 2023, da Z Cam K1 Pro wacce ta girme ta kuma ta fi karkata ga ƙwararru.

Gida na uku na Canon ne, kuma anan ne masu sana'ar ɗaukar biki ya kamata su buɗe kunne, domin wataƙila rabin kayan yana hannunka. A 2021 Canon ta fitar da lens RF 5.2mm F2.8 L Dual Fisheye kan dala 1,999, lens biyu ne a jiki ɗaya suna zuba hoto a kan sensa ɗaya ta kyamarar EOS R5, digiri 190, 8K. Daɗin abin shi ne fayil ɗaya ne, hagu da dama basa taɓa saɓawa a lokaci ko a kala tunda sensa ɗaya ce ta ɗauke su. Da hannu ake saita fokas ɗinsa, sai ka zuƙo hoton a allo ka tabbatar kafin ka danna. In kyamarar Canon R7 gareka akwai lens RF-S 3.9mm na 2024 kan dala 1,099, yana fokas da kansa, amma digiri 144 yake buɗewa kuma 4K ce, koma ga lissafin da muka yi a sama, sai dai tunda kusurwar ta ragu piksel ɗin basu baje sosai ba. Can sama kuma akwai Blackmagic URSA Cine Immersive ta kusan dala 30,000, wannan ta kamfanonin fim ce, mu wuce.

Mataki na shida, lissafa abin da ke biyo bayan kyamara, don wallahi anan kuɗi yake zurarewa. Zafi na farko. Canon da kanta ta ce R5 tana ɗaukar 8K na kimanin minti 20 a yanayi mai digiri 23 kafin zafi ya tsayar da ita, toh ka auna da ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri da ake haura 40. R5 C tana da fanka a jikinta kuma tana kai 8K kan 60, in aikin waje zaka riƙa yi ita ta fi dacewa, sai dai tana shan batir, ka tanadi pawa bank mai ƙarfi. Sai memori, 8K RAW, wato ɗanyen bidiyon da ba a sarrafa ba, a R5 kusan giga 20 take ci a minti ɗaya kuma sai katin memori mai sauri na CFexpress, ita kuwa EVO wajen mega 750 ne a minti a kan microSD mai sauri. Sai kwamfutar editin mai katin hoto na kirki, tsohuwar laftof bazata ja 8K ba. Sai manhaja, ta Canon sunanta EOS VR Utility, ita ke juya hoton zagayen nan biyu ya koma tsarin da gilashi ke karantawa, kyauta ce ga gajeren bidiyo amma in ya wuce minti 2 sai da biyan kuɗin wata, wanda ke nufin katin da ke biyan dala. Data ɗin ɗorawa ma ka sa a lissafi.

Mataki na bakwai, in ta hannu zaka saya kar ka biya sai ka gwada. Haska tocilan waya a kan kowane lens ta gefe, lens ɗin nan a kumbure suke waje, su ne farkon abin da ke taɓa ƙasa, kuma ƙarzuwa a ido ɗaya kawai ta ishe ta ɓata komai saboda ido ɗaya zai ga tabo ɗayan bai gani ba. Ka ɗauki bidiyon minti ɗaya na bakin ƙofa ko taga, ka saka gilashi ka rufe ido ɗaya ka buɗe ɗayan kana sauyawa, layin saman ƙofar ya zauna a tsayi ɗaya a duka biyun, in yana tsalle sama da ƙasa lens ɗin sun goce, kuma wannan ciwon kai ne ga mai kallo cikin 'yan mintuna. Ka sa wani ya jefa makulli sama ya cafe a gaban kyamarar, ka tsayar da bidiyon a tsakiya, makullin ya kasance a tsayi ɗaya a hagu da dama. Sannan ka tabbatar manhajar kyamarar tana sauka a wayarka ta yanzu tana kuma haɗuwa da ita, tsofaffin nan da yawa an daina sabunta manhajarsu, Google ma ta rufe shirinta na VR mai suna Daydream tun 2019 wanda Mirage ta fito a ƙarƙashinsa.

In ta iso hannunka, gwajin farko ka ɗora ta a kan tiraifod daidai tsayin idon mutum, ka daidaita ta kar ta karkata ko kaɗan, ƙafafun tiraifod ɗin ka ja su baya ko ka sa ɗan ƙarfen da zai turo kyamarar gaba don kar su fito a ƙasan hoto, haka yatsunka da inuwarka. Wanda kake ɗauka ya tsaya tsakanin mita 1 zuwa 3, in ya matso ƙasa da rabin mita idon mai kallo zai yi ta faman haɗa hoton, in ya wuce mita 6 ko 7 zurfin ya fara ɓacewa. Kar ka yi yawo da ita a hannu, kar ka juya ta, ka bar mutane su yi motsin. Lokacin hunturu kuma ka riƙa yawo da abin hura iska da ƙyallen goge lens, ka hure ƙurar tukun kafin ka goga, kuma ka duba lens ɗin biyun duk lokacin da zaka danna ɗauka.