Yadda ake shan madarar asibiti ta masu ciwon hanji

Jama'a, idan likita ya rubuta wa naku irin su Peptamen ko Vivonex, ku sani ba madarar shayi ba ce. An riga an farfasa furotin ɗin ciki ƙanana-ƙanana, a Vivonex ma har zuwa amino asid, wato ƙananan guntayen da suke haɗuwa su zama furotin, shi ya sa hanjin da ya yi rauni, kamar na mai cutar Kuron (Crohn's, ciwon kumburin hanji mai daɗewa), yake tsotse shi ba wahala.

Ke mai jinya, ki wanke hannu, ki tafasa ruwa ki bari ya huce, ki auna garin daidai yadda aka rubuta miki, don Allah kar ki ƙara ruwa wai don gwangwani ya daɗe, na san akwai tsada amma hakan ramar da mara lafiya yake yi. A sha kaɗan-kaɗan, kofi ɗaya ya kai kamar rabin awa, in aka kwankwaɗe lokaci guda sai kumburin ciki da zawo. Ɗanɗanon ba daɗi gaskiya, da sanyi ya fi shiga.

Wanda aka dama a sa firij, ya wuce awa 24 a zubar. In ba wuta, ki dama iya na sha ɗaya kawai. Amai ko zawo ya ƙi tsayawa, a koma asibiti.