Yadda ake canza shokozobar gaba a gida

Damina ta wuce, ramukan cikin unguwannin Lugbe da Mararaba sun gama aikinsu. In motarka tana ƙara "gau-gau" a kan kowane tudu, ko gabanta na dunguri ƙasa in ka taka birki, leƙa bayan taya. Ganin mai yana tsatsafowa a jikin shokozoba alama ce ta mutu. A motoci irin su Corolla da Camry aikin bai fi ƙarfin mai haƙuri ba.

Fara da saye. In ka shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Apo a Abuja, ka nemi cikakkiya, wadda aka riga aka haɗa da sifirin da kanta na sama. Shawarata ke nan, kuma ba na sassautawa a kai. Sifirin ɗin nan a matse yake da ƙarfin da ke ɗaukar nauyin mota. Wanda ya kwance babban notin tsakiya ba tare da na'urar matse sifirin ba, zai iya rasa ido ko haƙora nan take. Kada ka taɓa wannan noti. Sayi biyu, hagu da dama, domin sabuwa da tsohuwa ba sa tafiya daidai. In ta Baljiyam ce, duba da kyau ko tana yoyo, kuma ka tabbatar wacce ce ta wane ɓangare.

Ajiye motar a kan daɓen siminti marar gangare, ja birkin hannu, tokare tayoyin baya da dutse. Sassauta notikan taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga da jak, ka sa ƙarfen tokare a ƙarƙashi. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne, bulo kuwa fashewa yake yi.

Cire taya. Kwance ƙaramin notin da ya riƙe tiyon birki da wayar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) a jikin shokozobar, sai linkej, wato siririn sandan ƙarfen da ya haɗa shokozobar da ƙarfen da ke hana mota rinjaya. In sun yi tsatsa, fesa musu man sassauta tsatsa irin su WD-40 ka ɗan jira. Daga nan sai manyan ƙusoshi biyu na ƙasa. Su ne masu taurin kai, sai ka zura bututun ƙarfe a hannun sifana don ƙarin ƙarfi. Da sun fita, ƙafar motar za ta rinjayo waje, don haka ɗaure ta da waya kada ta ja tiyon birki ko ta zare shaf, sandan da ke juya taya.

Buɗe bonet, za ka ga notika uku kewaye da na tsakiyan. Kwance ukun, amma na ƙarshe sai wani ya riƙe maka ta ƙasa, don tana da nauyi.

Sabuwar ta sama take fara shiga: ɗaura ukun da hannu, daidaita ramukan ƙasa, zura ƙusoshi, sannan ka ɗaure komai tamau. Mayar da linkej, tiyo da waya yadda ka same su; hoton da ka ɗauka da wayarka kafin kwancewa zai yi maka rana a nan. Sa taya, sauke mota, ƙarasa ɗaure notikan a giciye.

Ka maimaita haka a ɗaya ɓangaren, sannan ka wuce wurin masu alaimen a ranar. Kwance ƙusoshin ƙasan nan yana karkatar da tsayuwar taya, in ka bari kuwa, gefe ɗaya za ta cinye.